Maystor Buda da Struyar Teku

Kwana da kwanaki ke nan Zorka tana fama da wani abu a ƙirjinta, ya ƙi hawa ya ƙi sauka. In ta ɗora gahawa sai ta tafasa ta zube tana tsaye a kanta. Shekaranjiya sau biyu ta zuba wa miya gishiri, jiya kuwa ba ta zuba ba sam. Ba ciwo take ba, ba a kuma yi mata rashi ba. Hoton wani jirgin ruwa ne da aka manna mata a jikin firij. Amma kafin a zo kan jirgin sai an fara da mijinta, domin duk abin da ya faru a layinsu, in aka bi sawunsa, a ƙofar Budimir yake tsayawa.

Budimir mai gyaran wutar lantarki ne. Ya yi ritaya, amma wutar ba ta huta da shi ba. Duk garinmu na bakin kogin Dunav, Maystor Buda ake ce masa, wato gwani, shi kuma da dukan ƙirjinsa yake amsawa. Shi ya ja wa maƙwabciyarsu tsohuwa Baba Smilya waya (a bakinmu baba kaka ce). Har yau in ta kunna dutsen guga sai ƙararrawar ƙofarta ta kama bugawa, ta ja ƙafa ta je ta buɗe, ba kowa. Da ta yi masa ƙorafi cewa ya yi da gangan ya yi, don kada ta manta guga a kunne.

'Yarsu ɗaya tal, Tiyana, ma'aikaciyar jinya ce a birni. Can ta koyi nutso irin na masu goya tulun iska. Wata Lahadi ta zo cin abincin rana, ana tsakiyar ci ta ce da iyayenta:

"Mama, Tata, in sanyi ya shigo ƙungiyarmu za ta tafi Indonesiya. Akwai wani wuri tsakanin tsibirai biyu da teku ke gudu kamar kogi. Struyar wurin tana da ƙarfi sosai."

Zorka ta ajiye ludayi. A bakinmu kalma ɗaya ce, struya: ita ce wutar da ke bin waya, ita ce kuma jan ruwa mai gudu. Ta farkon Zorka ta ji.

"Wuta a cikin ruwa? Wa ya bar waya a teku?"

"Ba wannan ba, Mama. Jan ruwa."

"Struya struya ce," in ji Budimir, yana share gashin baki. "Da daban suke, da kakanninmu sun raba musu suna. Nawa ne ƙarfinta?"

"Tata, ba da irin na'urarka ake auna ta ba."

"Kin ji ko, Zorka? Ko aunawa ba su yi ba."

Tiyana ta yi haƙuri ta yi bayani. Ba a faɗa da ita, in ji ta. Mutum ya sauka daga jirgi ya nutse, ya saki jiki, ruwan ya ɗauke shi yana wucewa da shi ta gaban murjani da kifaye kamar wanda ke zaune bakin tagar jirgin ƙasa. A hannunsa akwai zaren wata doguwar balan-balan ja da ke yawo a saman ruwa. Ita mai jirgi yake bi. Inda mutum ya ɓullo, nan za a tsame shi.

"Sakin jiki," Budimir ya maimaita a hankali. "Na san mutum biyu da suka saki jiki da struya. Ɗaya furanni muke kai masa."

"Ɗayan fa?"

"Har yau gashinsa bai kwanta ba." Ya ture faranti. "Babu 'yata da za ta shiga struya ba gwani a kusa. Da ni za a je. Kuma a ƙuguna za a ɗaure ki."

"Buda," in ji Zorka, "kai da ba ka taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarka ba."

"Likita sai ya yi ciwon kafin ya ba da magani?"

Da ya fita, Zorka ta tare 'yarta a wajen wanke-wanke ta ce ta hana shi. Tiyana ta girgiza kai.

"In na hana shi, shi kaɗai zai tafi, Mama. Ya sami wani mai jirgi ya yi ta masa bayani har mutumin ya gaji ya ɗauke shi. Gara yana gabana."

"Igiyar fa?"

"Za mu gani."

Zorka ta san wannan "za mu gani". Da ita aka bar shi ya gyara injin wanki. Tun daga ranar, ko ido ta rufe abin da take gani ke nan: 'yarta guda ɗaya a ƙasan tekun wasu mutane, ɗaure a ƙugun Budimir.

Shi kuwa ya je birni aka koya masa nutso a tafkin siminti, har aka ba shi shaida. Malamin ya gaya wa Tiyana bai taɓa ganin ɗalibin da ke iya surutu da robar numfashi a baki ba sai babanta.

Daga nan kicin ɗin Zorka ya zama ofis. Ya cire kalandar coci ya manna babbar takarda, ya zana teku da jan layi da shuɗi. Yana cikin zanen sai kum Toza ya shigo, masuncin da ya tsaya musu ranar aure, shi ya kuma riƙe Tiyana ranar da aka yi mata baftisma. Irin wannan aminin gida shi ne kum a wajenmu, in za a kira shi a ce kume. Ya bar ƙofa a buɗe, ga taga a buɗe. Zorka ta yi tsalle ta banko tagar.

"Kume, kashe mu za ka yi? Promaya."

Ita ce iskar nan da ke ratsa ɗaki in an bar mata ƙofa biyu, wadda ta ga bayan mutanen garinmu fiye da yaƙi. Kawun Zorka ya taɓa zama tsakanin ƙofa da taga yana gumi, bakinsa ya koma wajen kunne, a haka aka binne shi.

Toza ya ba da haƙuri, ya tsaya gaban zanen, hannu a baya.

"Kume, wannan teku ce ko gidan Baba Smilya?"

"Ta nan struya ke shiga, ta nan take fita. Wannan ƙaramin tsibirin shi ne fiyus."

"In ya ƙone fa?"

"A canza."

"Ni dai tun ina yaro nake kan Dunav, ban taɓa ganin makunninta ba."

"Ba ka san inda ake dubawa ba ne. Kai kifi ka sani. Ita struya doka ɗaya gare ta, wayar ƙasa. Duk abin da za ta bi, ka ja masa waya ka kafe a ƙasa. Ranar da ta yi fushi ta bi nan ta sauka, kai kana nan kana shan gahawarka."

Toza ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya sha gahawar tun tana nan.

Gwaji na farko a tsakar gida aka yi shi, cikin ƙatuwar gangar itacen da Zorka ke jiƙa kabeji don sanyi. Budimir ya sayo rigar roba ta hannu daga wani mutum da ake ganin bai taɓa ƙoshi ba. Zorka ta ce ba zai sa ta ba sai da rigar ulu a ciki, saboda ƙoda. Aka yi ta ja-in-ja, ulu ta ci. Sai da aka shafa masa man girki, Toza na ja ta sama Zorka na tura ta ƙasa, kafin ya shige. Da ya miƙe hannuwansa suka ƙi sauka.

Ya riga ya kwance motar lantarkin da ke juya tsohon injin wankin nan ya ɗaura mata fiffiken fanka, ya zura cikin gangar don ta juya ruwa. Ya ja waya daga ƙarfen gangar ya kafe a gindin bishiyar goro. Ya shige har wuya, ya sa gilashin ido, ya ce wa Toza ya kunna.

Toza ya kunna.

Ruwa bai motsa ba. Wani abu ya ce fat a sandar wutar da ke bakin titi, firij ya yi shiru, rediyon mai aski ya yi shiru, duk layin ya yi shiru, sai ƙararrawar ƙofar Baba Smilya kaɗai, ta buga sau ɗaya kamar mai sallama.

Budimir ya yunƙura zai fito, ganga ta ce ba ta san zance ba. Ulu ta sha ruwa ta kumbura, roba ta riƙe ulu, ganga ta riƙe roba. Toza ya ce a kwantar da ita. Aka kwantar. An manta tsakar gidan gangare ce. Ganga ta bi ta kan shukar tumatir, ta buɗe ƙyaure da kanta, ta tsallaka titi ta tsaya a shingen Baba Smilya, kan Maystor na leƙe ta bakinta.

Tsohuwa ta fito da abin canza tasha a hannu, don an kashe mata wasan talabijin daidai inda za a faɗi wane ne uban yaron. Ta duƙa ta duba.

"Zorka, bana da wuri kika jiƙa kabeji. Kan dai babba ne, amma ina jin ba komai a ciki."

Budimir ya tofar da ruwan tsami, ya dubi mutanen da suka taru ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani da idonku. Layi guda ya mutu, ni ko ƙwarzane. Wayar ƙasa."

Nan Zorka ta gane ganga ba za ta koya masa komai ba. Kwana biyu tana gasa jan tattasai a tsakar gida tana juya maganar tare da tattasan. Gara ya sha kunya a gida da ya sha ruwa a waje. In Dunav ta ɗan wanke shi, wataƙila ya haƙura da teku, ko aƙalla ya haƙura da ɗaure mata yarinya. Sai ta sassauta murya.

"Buda, ni a ganina bai dace ba. A ce ka je ka nuna wa baƙi gwanintarka, mutanen garinka ba su gani ba? Ka fara gwadawa a Dunav mana."

Abin da take nufi, wata safiyar Talata, daga shi sai Toza sai Tiyana, a bayan itatuwa inda ba mai gani.

Budimir ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Shekara da shekaru ina jira ki faɗi magana irin wannan. Ranar gasar miyar kifi za a yi."

Ranar gasa babu wanda ke zama a gida. Tun da hantsi bakin kogi ya cika. An kafa doguwar rumfa, a ƙarƙashinta an gitta dogon bututun ƙarfe, tukwanen masu gasa na rataye a jikinsa a jere, kowace da wutarta, hayaƙi da ƙamshin barkono har tsallaken ruwa. Baba Smilya kaɗai ta kafa tata a gefe a kan ƙafa uku, don tun shekarar da miyarta ta kwantar da alƙalai aka daina ba ta wuri a layi. Ƙarshen bututun da igiyar rumfa da lasifika da fitilu duk a jikin turken ƙarfe ɗaya suke, wanda Maystor Buda ya kafa da hannunsa, kamar kowace shekara.

"Turken nan ko tarakta," ya gaya wa shugaban gasa, yana dukansa da tafin hannu.

Toza bai so barin tukunyarsa ba. Ya daɗe yana zuwa na biyu, bana kuwa ya kamo tarwaɗar da sai da aka ɗauko ta mutum biyu. Amma kum ba a ce masa a'a. Ya danƙa wa Zorka, ya ce kada a juya da cokali, girgiza ta ake yi. Budimir ya ja shi gefe.

"Balan-balan za ka bi. Kada ka dubi hagu, kada ka dubi dama, kada ka yi tunani."

"Ko na ji kana ihu?"

"A ƙarƙashin ruwa wa ke ihu? Abin da na gaya maka kawai."

Tiyana ta zo da kayanta ta ce tare za su nutse. Ya ce ba a hawa layi mutum biyu sai an gwada shi, ta zauna a kwale-kwale ta koyi aiki. Ta dubi uwarta, ta shiga kwale-kwalen, Toza ya tura suka tsaya can cikin ruwa suna jira.

Budimir ya karɓi abin magana. Ya yi wa jama'a bayanin struya tun daga tsawa har zuwa Indonesiya, har makaɗa suka zauna suka kunna taba. Da ya gama ya tako bakin ruwa da takalman kwaɗo, ya faɗi sau ɗaya, ya ce duba ƙasa yake. Ya zaro sukundirebansa mai ɗan ƙwan fitila ya tsoma a Dunav. Fitila ba ta kama ba.

"Yau ba ta da ƙarfi," ya sanar. "Haka za mu yi maneji da ita."

Sannan ya ce zai shiga ta bayan itatuwa, don nan ne bakin layi. Zorka ta bi shi da tawul. Can ta tarar da shi yana ɗaura wata baƙar waya mai kauri a ɗamararsa. Wayar ta fito daga wani babban naɗi da ke cikin ciyawa, ɗaya bakin kuma ya bi ta bayan rumfa har gindin turke.

"Wannan fa?"

"Wayar ƙasa. Kada ki gaya wa yarinyar, makaranta ta ɓata ta."

Zorka ta tsaya tana kallo. Igiyar da za ta haɗa shi da 'yarta ita ce ba ta so. Amma igiyar da za ta haɗa shi da tudu, tun da aka ɗaura musu aure ba ta ga ya yi abin hankali kamar wannan ba. Ta ture hannunsa ta ƙara masa ƙulli irin na bakin buhun wake, ta ja da haƙori.

Ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya rufe kai. Jar balan-balan ta miƙe tsaye ta kama hanya, kwale-kwalen Toza ya bi bayanta. Jama'a suka yi tafi, makaɗa suka tashi.

Kowa balan-balan yake kallo. Zorka kumfa take kallo. Ta koma gindin tukunyar Toza ta riƙe marikinta, amma idonta na kan 'yan ƙwayoyin iskar da ke ɓullowa a saman ruwa, don ta san numfashin mijinta ko a duhu. Da fari kumfa da balan-balan tare suke tafiya. Naɗin waya na warwara cikin ciyawa, sululu, sululu. Can sai naɗin ya ƙare. Waya ta tashi daga ƙasa ta miƙe sambal tana rawa. Balan-balan ta ci gaba da tafiyarta. Kumfa ta tsaya wuri guda.

"Mijina bai tafi ba," ta gaya wa mai tukunyar kusa da ita.

"Ga shi can, maƙwabciya, har ya kusa shan kwana. Ashe dai da gaske ya iya."

"Wannan roba ce. Shi ga shi nan."

Mutumin bai juyo ba. Daga baya aka ji abin da ke faruwa a ƙasa. Da waya ta ƙare, Dunav ba ta tsaya ba. Ta fizge zaren daga hannunsa, ta mayar masa da gilashin ido kan kunne, ta shanya shi a bakin waya yana kaɗawa kamar wandon da aka manta a igiya ranar iska.

A tudu kuwa shugaban gasa yana tsakiyar gode wa waɗanda suka ba da itace, sai turke ya fara rusunawa, a hankali, da ladabi, kamar yaron da ke gaida manya. Lasifika ta zame ta faɗa kwandon albasa, ta ci gaba da godiya daga can. Rumfa ta sauko ta lulluɓe teburin alƙalai da fadan coci. Bututu ya karkata wajen kogi. Tukwane suka biyo shi, ta farko ta bugi ta biyu, ta biyu ta bugi ta uku, suna sauka a jere kamar mata za su biki. Kifin da aka raba da Dunav da asuba ya koma mata da azahar, da barkononsa da albasarsa.

Turke ya tumɓuke ya kama hanyar ruwa. Zorka ta saki tukunyar Toza ta cafke wayar, ta kafa dugaduganta a yashi ta zauna a kai da dukan nauyinta.

"Ku kama. Buda ne."

Mai aski ya kama. Makaɗa suka ajiye kayansu suka kama. Fada ya rarrafo daga ƙarƙashin rumfa ya naɗe hannun riga ya kama. Waɗanda ke baya ba su san me ake ja ba, wani ya ce tarwaɗa ce, labari ya bazu, har masu sayar da masara suka bar wuta suka zo. Baba Smilya ta tsaya a gefe tana buga murfin tukunya da ludayi don a ja tare.

Ƙugu ne ya fara fitowa. Sannan tulun iska, sannan ƙafa ɗaya da takalmin kwaɗo ɗaya babu, a ƙarshe kan, da ciyawar ruwa a gashin baki. Aka ja shi ta cikin miyar da ke malala har kan yashi, ya fito ja wur. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko wannan ma a cikin gasar yake.

Aka kifa shi ya amayar da rabonsa na Dunav. Ya zauna, ya dawo da gilashin daga kunne zuwa goshi, ya dubi rumfa a ƙasa, ya dubi tukwane a kife, ya dubi ramin da turke ya bari.

"Wa ya taɓa mini turke?"

"Dunav ce, ɗana," in ji fada, yana matse gemu.

Sai da aka jima kwale-kwale ya dawo, ɗan injinsa na nishi a kan ruwa. Tiyana ba ta jira ya tsaya ba, ta diro ta zo ta durƙusa ta buɗe idon uban ta duba, ta saurari ƙirjinsa. Ashe tun kafin kwana ta lura babu kumfa, tana ta cewa a juya, Toza na cewa an hana shi tunani. Hannunta ya kai kan wayar. Ta bi ta da ido har turke, ta dawo kan ƙullin.

"Wannan ƙullin buhun wake ne."

Zorka ta shiga gyara tawul.

"Mama."

"Ai dai bai kwance ba," in ji Zorka.

Da filayar Budimir aka yanke ƙullin. Toza ya tako a hankali, balan-balan a hammata, ya miƙa wa Budimir da hannu biyu.

"Ga ka nan, kume. Kusa da gada na tsamo ka. Ba ka da nauyi, kuma duk hanya ba ka ce uffan ba. Ban taɓa jin daɗin tafiya da kai kamar yau ba."

Sannan ya hango tukunyarsa a kife cikin yashi, kare na leƙa ta.

"Zorka, ai ke na bar wa."

"Hannu biyu gare ni, kume. Ko miyar ko shi."

Toza ya dubi tukunya, ya dubi kum ɗinsa.

"Ba zan ce komai a gaban fada ba."

Baba Smilya ce ta ci gasar bana, tunda tata kaɗai ta rage. Alƙalai suka ba ta kofin ba tare da sun ɗanɗana ba.

Zorka ta kwana da nauyin kunyar gari a ka, amma da sauƙi a zuci. Teku dai ta wuce, in ji ta. Da safe ta tarar da Budimir a kicin, lulluɓe da bargo, ya cire zanen teku daga bango ya mayar da kalandar coci. Har ta buɗe baki za ta gode wa Allah.

"Ku zauna," ya ce da ita da Tiyana. "Na gano wani abu da ba kowa ya sani ba. Struyar ruwa ba ta son wayar ƙasa. Ba a faɗa da ita. Sakin jiki ake yi."

"Tata, ai abin da nake gaya maka ke nan tun farko."

"Ke faɗa kika yi, ni gwadawa na yi. Saboda haka a Indonesiya ba waya, ba igiya, kowa da ƙugunsa."

Ƙugun yarinya dai ya kuɓuta. Amma tafiya na nan. Tiyana ta zagayo ta dafa kafaɗar uwarta.

"Mama, jiya duk bakin kogin nan ke kaɗai kika san inda yake. Har ni sai da muka yi nisa. Mai jirginmu na can ya san aikinsa, amma mutum goma zai duba, Tata kuwa shi kaɗai aikin mutum guda ne. Na yi magana da su. Akwai wuri a jirgin. Ba za ki taɓa ruwa ba, kallo kawai za ki yi."

Ta ciro hoto ta manna a firij.

Shi ne hoton da Zorka ke tashi da shi tana kwana da shi. Jirgin katako ne, dogo, da rufi a kan sanduna huɗu. Ba ƙofa. Ba taga. Ko bangon da za a sa tagar babu. Iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, ta shiga ta dama ta fita ta hagu, kuma kujerar da aka nuna mata tana daidai tsakiya.

"Mama, ƙasar zafi ce."

"Ita ta fi kisa. Mutum yana gumi."

Ta kai wa Baba Smilya hoton, tsohuwa ta yi alamar gicciye ta ce ita ko gawarta kada a sa a ciki. Toza ya ce ta je, in ta bar su ba ido, balan-balan biyu za a dawo mata da su. Budimir kuwa ya ce kada ta damu da promaya, iska ma ai struya ce, zai duba mata ita in sun isa.

To ga inda aka tsaya. In ta zauna a gida, ƙofa a rufe taga a rufe, duk abin da take da shi a duniya zai shiga ƙarƙashin ruwan wata ƙasa, ba mai ƙirga masa kumfa. In ta je, ta zauna tsakanin iska huɗu tana gumi, wataƙila su biyun su dawo lafiya da ita a tsakiya, baki a wajen kunne kamar kawunta. Ta fito da rigar ulu ta ninke a kan akwati, ta mayar cikin kabad, ta sake fitowa da ita.

Ku da kuka ji yadda aka yi, don Allah ku gaya mata gaskiya: ta hau jirgin nan, ko ta zauna? In kuma hawa ne, akwai wanda ya san ko mutanen can za su yarda a rufe mata ko da gefe ɗaya da bargo?